Daga Soba Zuwa Hajj Yusuf: Alherin da Ya Zama Nauyi

Bahaushe yana da kalma guda da yake kiran abu biyu da ita. Maƙwabciyar da ta aiko da kwanon tuwo ranar da tukunyarku ba ta hau murhu ba, alheri ta yi. Faston da ya tsaya a Wusasa ko Gindiri yana wa'azin gafarar da Allah yake yi wa bawa ba don bawan ya cancanta ba, shi ma alheri zai ce. Tun a Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito cikakke a 1932 kalmar take ɗauke da kaya biyun nan, na sama da na ƙasa.

Daga nan tsohuwar tambaya take tasowa: in dai ceto kyauta ne, me ya rage wa mutum ya yi? Manzo Bulus ya san za a yi ta. A wasiƙarsa ga Romawa ya yi watsi da tunanin mai cewa bari ya ƙara zunubi tunda gafara ba ta ƙarewa. A ta Afisawa kuma ya nuna ceto ba ladan aiki ba ne, amma wanda aka ceta aiki na jiransa. A baki zancen ba wuya. Yadda yake kasancewa ga mutanen da ba su da fili, ba su da takarda, ba su da uwa a gindin murhu, sai an leƙa unguwarsu.

Unguwar ita ce Hajj Yusuf, a gabas da Bahri, ɗaya daga cikin birane uku da suka haɗu suka yi babban birnin Sudan tare da Kartum da Umdurman. Sunanta unguwa, amma gari ce guda: ga Maigoma, ga Radmiyya, ga Shigla, ga Takamul. Larabawan arewa na nan, da mutanen Darfur, da Nuba, da Dinka da Nuwer, da 'yan'uwanmu Hausawa da Fulani, jikokin mahajjata da na waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Hausawan Musulmi ne, sai dai kasuwa ɗaya suke ci da maƙwabtansu Kirista, mota ɗaya suke shiga, ƙura ɗaya suke shaƙa. Labarin waɗannan maƙwabta ya girmi unguwar nesa ba kusa ba.

Kayan aro

Wanda ya bar Hajj Yusuf ya yi kudu, ya bi gaɓar Shuɗin Nilu, ba zai yi nisa ba zai tarar da tuddan fasassun jan bulo a Soba. Nan ne fadar daular Alwa, a ƙasar Nubiya. A shekara ta 580 wani bishop mai suna Longinus ya iso ya yi wa sarkinta baftisma, daular kuma ta zauna a kan addinin Kirista kusan shekara 900. A ƙarni na 10 Ibn Sulaim al-Aswani, jakadan sarakunan Masar, ya ba da labarin Soba: gine-gine masu kyau, coci-coci masu zinariya, lambuna, har da unguwar Musulmi. Wajen shekara ta 1500 birnin ya faɗi.

Ba takobi kaɗai ya kashe addinin a wannan ƙasa ba. Cocin Nubiya ya jingina ne da abu biyu, fadar sarki da birnin Iskandariyya inda ake naɗa bishop. Da fada ta rushe, hanyar Masar ta toshe, sai aka rasa mai naɗa limami. Francisco Alvares, wani limamin Fotugal da ya zauna a Habasha a shekarun 1520, ya ga mutum shida daga Nubiya sun zo roƙon sarkin Habasha ya ba su limamai. Aka ce musu ai mu ma daga Masar ake aiko mana da babba. Suka koma hannu rabbana. Kayan aro ba ya rufe katara: talakan Alwa ya karɓi addini, amma ba a taɓa ɗora masa ɗaukarsa ba.

Zamanin mishan

An yi fiye da shekara 300 kafin a sake buga ƙararrawa a mahaɗar Nilu biyu. Katolika sun buɗe mishan a Kartum a 1848. Daniel Comboni, Ba'italiyen da ya zama bishop a 1877, ya ga yadda zazzaɓi yake cinye Turawa ɗaya bayan ɗaya, ya dage a kan a horar da 'yan Afirka su riƙe aikin da kansu. Shi ma ciwon ya ɗauke shi a Kartum ranar 10 ga Oktoba 1881. Bayan shekara uku da 'yan watanni Mahadi ya ci birnin. Kibɗawa da sauran Kiristocin da suka rage aka tilasta musu musulunta, unguwarsu a Umdurman har yau Masalma ake kiranta.

Da Turawan Ingila suka kafa mulki bayan 1898, sai suka hana wa'azi ga Musulmin arewa, suka bar 'yan mishan da makaranta da asibiti. Kwalejin Comboni da aka buɗe a Kartum a 1929 ta yaye ɗimbin 'ya'yan Musulmi. Wa'azi kuwa kudu aka tura shi, da Duwatsun Nuba.

A nan labarin ya haɗu da namu. Mishan ɗin SUM da Karl Kumm ya kawo Wase a 1904, shi ne reshensa na Ostareliya da Niyu Zilan ya isa Heiban a Duwatsun Nuba a 1920. Cocin da ya fito daga wannan aiki, Cocin Kristi na Sudan, ɗan'uwan COCIN ne uwa ɗaya. Dattawan Filato ba su manta ba, sunan cocinsu na dā Ekklisiyar Kristi a Sudan ne, a lokacin da kalmar Sudan take nufin dukan ƙasar baƙar fata daga Senegal zuwa Bahar Maliya. SIM kuma, uwar ECWA, ta shiga Sudan a ƙarshen shekarun 1930 bayan Italiyawa sun kore ta daga Habasha.

A wancan zamani alheri ta hannun Bature yake zuwa: allura, allo, riga, gishiri. Sabon tuba aikinsa miƙa hannu da godiya. Sai gwamnatin Janar Ibrahim Abbud ta kafa dokar taƙaita aikin mishan a 1962, a Fabrairun 1964 kuma ta kori 'yan mishan kimanin 300 daga kudu. Mai hankali zai iya cewa abin da ya ci Soba ya dawo. Ba haka ta kasance ba. Katikis da masu bishara, wasu iyakar karatunsu firamare, su suka riƙe jama'a a daji da sansanonin gudun hijira. Da aka yi sulhun Addis Ababa a 1972, wanda ƙungiyoyin coci na duniya da na Afirka suka shiga tsakani, sai aka tarar masu bi sun ƙaru.

Cocin rumfa

Yaƙi ya sake tashi a 1983, shekarar da Shugaba Numairi ya kafa dokokin shari'a na Satumba. Fari na 1984 da 1985 ya koro mutanen Darfur da Kurdufan, yunwar 1988 ta koro na Bahar al-Gazal. Suka yi ta kwararowa a kan rufin jirgin ƙasa da bayan manyan motoci, har aka ƙiyasta kusan mutum miliyan biyu ne suka yi zobe wa babban birnin. Hajj Yusuf na cikin wuraren da suka fi sauke kaya. Wani ɓangarenta ma Karton Kasala aka riƙa ce masa, saboda da kwali aka yi ɗakunan. Daga baya aka sauya masa suna zuwa Baraka.

Cocinsu na farko rakuba ce, wato rumfa. Sanduna ne aka kafa, aka rufa da tabarmi da buhunan da aka farke, aka ɗaure itace biyu da waya ya zama gicciye. Wurin zama dakali ne na laka. A bakin ƙofa akwai randa, mai amalanke da jakinsa yake cika ta da ruwan saye, kuɗin kuma daga baikon ranar yake fita. Lahadi ranar aiki ce a Sudan, don haka mai wanki a gidajen unguwannin Amarat da Riyad na Kartum, da lebura, da mai buga bulo a bakin kogi, yawanci sai rana ta yi sanyi suke isowa, ƙafa fari fat da ƙura. Wannan rukuni ya yi sujada da Dinkanci ya tashi, wancan ya shiga da harshen Moro, na ƙarshe da Larabcin Juba. Limami ɗaya ne ga rumfuna da yawa, ana iya yin makonni ba a gan shi ba. Katikis ne yake ja gaba, mata kuma su ne masu zaga marasa lafiya da tara kuɗin binne gawa. Washegari da safe a jingina allo a jikin sanda, rumfar ta zama aji.

Babban bishop na Katolika a Kartum a lokacin, Gabriel Zubeir Wako, wanda ya zama kadinal a 2003, shi ya tattara waɗannan azuzuwa a 1986 cikin wani shiri da sunansa yake nufin a ceci wanda zai cetu. Dubun-dubatar yara sun bi ta cikinsa. Malaman su ma 'yan gudun hijira ne, samari masu takardar sakandare da albashin da bai taka kara ya karya ba. Yaro yakan sami loma ɗaya a makaranta, wadda sau da yawa ita ce ta wuni.

Daga 1990 gwamnatin Umar al-Bashir ta sa motocin rusau a unguwannin kwali, tana kwasar mutane zuwa Jabal Awliya da Wad al-Bashir da Dar as-Salam da Mayo. Rumfunan addu'a da yawa sun tafi tare da gidajen, tunda ba su da takardar izini, izinin kuwa ba a bayarwa. Aka rushe yau, jibi a kafa wata. Ranar 10 ga Fabrairu 1993 da Paparoma John Paul na Biyu ya sauka Kartum, irin waɗannan mutane ne suka cika filin da ya yi sujada.

Tukunyar aragi

Kada wani ya ɗauka unguwar waliyyai ce. Tambayar da ta fi cin ran ikilisiya a shekarun nan ita ce ta giya. Ga mace, yaƙi ya cinye mijinta, 'ya'ya biyar a gabanta, ba gona, ba Larabci mai kyau. Sana'ar da ta zo da ita daga ƙauye ita ce dafa marisa, burkutun dawa, a birni kuma ta koyi aragi na dabino wanda ya fi kawo kuɗi. Dokar laifuka ta 1991 ta tanadi bulala da tara da ɗauri. 'Yan sanda su yi kasha, wato samame, su fasa tukwane, su kwashi mata. Kurkukun mata na Umdurman ya cika da 'yan kudu da Nuba, da yawa da goyo a baya.

Me fasto zai ce mata? In ya ce ta ci gaba, Allah mai gafara ne, ya san aragin nan ne yake kwantar da mazan ikilisiyarsa a kwata, yake cinye kuɗin makarantar yara. In ya ce ta daina ko a hana ta jibin Ubangiji, ya san daren nan yaranta da yunwa za su kwana. Coci-coci ba su yi baki ɗaya ba, wasu sun tsananta, wasu sun sassauta. Inda aka ga haske shi ne inda jama'a suka gane mai hana abu shi yake da nauyin kawo madadinsa. Aka riƙa haɗa kuɗin tara, maƙwabta su riƙe yaran wadda aka ɗaure, a koya wa mata ɗinki da toya kisra da sayar da shayi, a kafa adashi, wanda a can sanduƙ suke ce masa. Hakan bai kashe aragi ba, amma ya fitar da wasu.

Wata jarrabawar ta zo a 2005. An sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ranar 9 ga Janairu, John Garang, jagoran 'yan tawayen kudu, ya shigo Kartum a Yuli, mako uku bayan rantsar da shi mataimakin shugaban ƙasa jirginsa ya faɗi, ya mutu. Ranar Litinin 1 ga Agusta samarin kudu suka fantsama suna ƙone-ƙone da dukan mutanen arewa, kwanakin da suka biyo aka yi ramuwa. Fiye da mutum 100 suka mutu, Hajj Yusuf kuma na cikin unguwannin da wutar ta fi ci. Matar mamacin, Rebecca Nyandeng, ta fito tana roƙon a kwantar da hankali. Wanda aka zalunta shekara ashirin, ranar nan ya ga shi ma hannunsa yana iya zalunci, ya kuma ga gafarar da yake waƙarta ranar Lahadi shi ma mabukacinta ne.

Bayan rabuwa

Sudan ta Kudu ta ɓalle ranar 9 ga Yuli 2011. Daga 8 ga Afrilu 2012 ɗan kudun da aka haifa a Hajj Yusuf ya zama baƙo. Jama'a suka yi ta tafiya, dakali ya yi faɗi. Waɗanda suka cike gurbin galibi Nuba ne da sabon yaƙin Kurdufan ta Kudu ya koro. Ranar 18 ga Yuni 2012 hukuma ta rushe cocin Angilikan na Yohanna Mai Tsarki a Hajj Yusuf. A 2013 ma'aikatar harkokin addini ta ce ba za a ƙara ba da izinin gina coci ba. Ranar Lahadi 11 ga Fabrairu 2018, bayan an tashi daga sujada, aka rushe cocin Ibanjelika na unguwar, aka kwashe kujeru da littattafai.

A kotun Hajj Yusuf ɗin nan ce aka yanke wa Maryam Yahaya Ibrahim hukuncin kisa ranar 15 ga Mayu 2014 bisa laifin ridda. Mahaifinta Musulmi ne, uwarta Kirista 'yar Habasha ita ta rene ta. An ba ta kwana uku ta sake shawara, ta ce ita Kirista ce. Da ciki ta shiga kurkukun Umdurman, a nan ta haihu ranar 27 ga watan. Kotun ɗaukaka ƙara ta sake ta a Yuni. Abin da yawanci ake tsallakewa a labarin shi ne lauyoyin da suka tsaya mata Musulmi ne, kuma sun sha barazana a kai.

Ba dukan ɓarnar ce ta fito daga waje ba. Filayen da 'yan mishan suka bari a tsakiyar Bahri da Umdurman sun yi daraja, sai aka sami 'yan cikin gida da suka haɗa kai da hukuma suna ba 'yan kasuwa su. Ɓarawon gida ya fi na waje sanin inda aka ajiye. A wannan rikici ne aka daɓa wa dattijon coci Yunan Abdullahi wuƙa ranar 3 ga Afrilu 2017 a makarantar Ibanjelika ta Umdurman, lokacin da ya shiga tsakani don kare matan da ake duka. Dukiyar da aka karɓa kyauta, wani ya mai da ita ganima, wani ya ba da ransa a bakin ƙofarta.

Juyin juya halin da ya kifar da al-Bashir ranar 11 ga Afrilu 2019 ya buɗe taga. Samari Kirista sun zo zaman dirshan na gaban hedkwatar soja da waƙoƙinsu. Raja Nikola, Bakibɗiya, ta shiga majalisar ƙoli ta mulkin ƙasa. A Kirsimetin shekarar ministan addini Nasruddin Mufarrih ya nemi gafarar Kiristoci kan abin da aka yi musu. A Yulin 2020 aka soke hukuncin ridda, aka kuma ɗage haramcin shan giya ga wanda ba Musulmi ba. Bulala ta sauka, sai ya rage tsakanin mutum da lamirinsa. Tagar ba ta daɗe ba, sojoji suka yi juyin mulki ranar 25 ga Oktoba 2021.

Layin kwanuka

Ranar 15 ga Afrilu 2023 soja da dakarun RSF suka fara yaƙi a cikin birnin. Hajj Yusuf ta yi kusan shekara biyu a hannun RSF. Wuta ta ɗauke, famfo ya ƙafe, asibitoci suka rufe. An kai hari cocin Mar Girgis na Kibɗawa a Masalma a Mayun 2023, an mai da wasu coci-coci sansani, masallatai ma ba su tsira ba. Manyan shugabannin coci suka koma Port Sudan. Mai kuɗin mota ya tafi. Wanda ya rage shi ne wanda ba shi da wurin zuwa.

Abin da ya riƙe rayuka shi ne takiya. Kalmar daga zawiyoyin Sufaye ta fito, inda shehi yake ciyar da duk wanda ya sauka. Samarin unguwanni suka kafa abin da suke kira ɗakunan agajin gaggawa, bisa al'adar nafir, wadda ita ce gayyarmu. 'Yan'uwa a ƙetare su turo kuɗi ta manhajar Bankak, a sayi buhun adas ko wake, a ɗora babbar tukunya. Tun asuba ake jera kwanuka da bokitai a ƙasa, kowane yana riƙe wa mai shi layi, masu su kuma suna raɓe a inuwar katanga saboda harsashi. Mai ludayi yana tambayar mutum nawa ne a gidan, ba ya tambayar ina suke salla. Kiristocin da suka rage a wannan layi suka tsaya, a wannan murhu suka hura wuta, yau su karɓa gobe su raba. A can Shajara, kudancin Kartum, wasu sistoci 'yan Salesiya da limami guda suka ƙi barin gidan Dar Maryam, suka riƙe mata da yara fiye da shekara, duk da bam ɗin da ya faɗa wa gidan ranar 3 ga Nuwamba 2023.

Soja ya karɓe yankin a farkon 2025. Ranar 8 ga Yuli na shekarar, mutane na dawowa suna share gidajensu, motar rusau ta sake shiga Hajj Yusuf ta kwantar da cocin Fentikos.

Hausawa na cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Karin maganar gaba take kallo: yi, zai dawo maka. Koyarwar Kirista baya take kallo: an riga an yi maka, saura kai. Mutanen Nubiya sun tura mutum shida su nemo wanda zai ɗaukar musu addininsu, ba su samu ba, addinin ya bi iska. Na Hajj Yusuf an kore musu 'yan mishan, an raba musu ƙasa, an rushe musu gini a 2012 da 2018 da 2025, amma tun zamanin kwali suka saba ɗaukar kayansu da kansu. Motar rusau tana iya kwashe kwano da kujera. Matar da ta san gidan da aka kwana ba a ci ba a layinsu, ta kuma san yau ita ce da kai musu, ba ta cikin abin da motar take iya ɗauka.